Albasa a Bayan Ɗaki, da Yadda Ake Ajiye Irinta

Jama'a, kowa ya tuna 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulki. Motocin albasar Galmi suka maƙale a hanya, farashi ya tashi a kasuwar Adjen Kotoku, uwargida a Nima da Maamobi ta koma yanka albasa ɗaya gida biyu. Alhali mu 'yan kara, taki na nan jibge a Tulaku ta Ashaiman, wani ma kuɗi yake biya a kwashe masa.

Mun san babu fili a zango. Amma buhu ko tsohon bokiti da aka huda gindinsa ya isa. A haɗa yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sosai, don ɗanyen kashi ƙona saiwa yake yi. A yafa iri, bayan sati shida zuwa bakwai a yi dashe, tazarar tafin hannu. Wata uku zuwa huɗu lawashi zai kwanta, sai a daina ban ruwa a cire.

To, maganar iri ita ce mai wuya. Albasa sai an sake binne ta sannan take fure. Sai a zaɓi masu kauri, masu siririn wuya, a ajiye su a inuwa, a mayar da su ƙasa gab da hunturu. Sanyi ne ke sa ta fure, shi ya sa manoman Galmi da Bawku suka fi mu sa'a. Iskar teku ta Ankara da ɗumi take, wata shekarar ba za ta yi ba. Mutanen Anloga kuwa ƙananan albasarsu suke binnewa kai tsaye, babu ruwansu da fure. In hunturu ya ƙi, mu ma sai mu bi sahunsu.

In ta yi fure, kada a yi feshi, ƙudaje da zuma ne ke haɗa barbara. Da baƙin iri ya fara leƙowa, a yanke kawunan a shanya a inuwa, a murje, a sheƙe. A zuba a kwalba mai murfi tare da ƙullin busasshiyar toka, saboda laimar garin nan. Kada ya wuce shekara guda, don irin albasa saurin mutuwa gare shi. Wanda kuma aka sayo a gwangwani an rubuta F1, kada ma a wahala da ajiye irinsa, 'ya'yan ba sa kama da uwar.