Wake na leda mai haɗe da kayan yaji: kalori nawa ne a ciki, gishiri kuma nawa?

A manyan kantunan Yamai, Njamena da Yawunde, mai sayayya kan ci karo da wata leda mai ɗauke da wake kala-kala: ja, fari, baƙi, wani lokaci har da lentilles da pois chiches, sannan a ciki an saka wata ƴar ƙaramar ledar garin kayan yaji. Yawancin irin wannan kaya daga Turai ko Amurka ake shigo da shi. Ga mutumin da ya taso yana auna wake da tiya ko mudu, abin tambaya shi ne ko wannan ya fi namu amfani a jiki, da kuma me lambobin da ke bayan ledar suke nufi.

Layin farko a teburin da ke bayan leda shi ne Énergie, wato ƙarfin da abincin yake bai wa jiki. Lamba biyu ake rubutawa, ɗaya da kJ, ɗaya da kcal. Ta biyun ita ce kalori da aka saba ji. Kcal ɗaya ya ɗan haura kJ 4, shi ya sa lambar farko take da girma har ta tsorata mai karatu. Busasshen wake, ko wane iri ne, yana da kalori tsakanin 330 da 380 a kowane giram 100. Namu na gida, wanda Faransanci ke kira niébé, yana da kusan 336.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ba wanda yake cin busasshen wake. Idan aka jiƙa shi aka dafa, yana shan ruwa har nauyinsa ya ninka sau biyu zuwa uku, ruwa kuwa ba shi da kalori. Saboda haka giram 100 na dafaffen wake bai wuce kalori 115 zuwa 165 ba, gwargwadon irinsa. Kafin a kwatanta leda biyu, sai a duba ko an rubuta produit sec, busasshe ke nan, ko produit préparé, bayan an dafa. Wanda ya kwatanta busasshe da na gwangwani zai ɗauka na gwangwani ya fi sauƙin kalori, alhali ruwa ne kawai ya raba su.

Mu ɗauki misali. Ledar rabin kilo mai kalori 340 a giram 100 tana da 1,700 gaba ɗaya. In mutum shida suka raba, kowa ya samu kusan 280, daga cikin 2,000 da ake ɗauka a matsayin ma'aunin babban mutum a yini. To amma uwargida ta zuba man gyaɗa ko manja babban cokali shida a tukunya. Kowane cokali yana da kalori kusan 120, don haka kason kowa ya koma 400, tun ba a kawo shinkafa ko burodi ba. Mai son rage ƙiba, kwalbar mai ya kamata ya sa wa ido kafin wake.

Ta fuskar gina jiki, wake ba shi da abin zargi. Giram 100 na busasshe yana da sinadarin gina jiki, Protéines a kan leda, kimanin giram 20 zuwa 25, ga sitaci wajen giram 60, maiƙo kuwa kaɗan ne ƙwarai. Yana da Fibres, ɓangaren da hanji ba ya narkarwa, wanda ke sa a daɗe ba a ji yunwa ba kuma yake rage saurin hawan sukari a jini. Akwai sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da folate da masu juna biyu suke buƙata. Sai dai haɗa wake iri goma a leda ɗaya bai sa ya zama cikakken abinci ba, domin dukkan dangin wake abu ɗaya suke da ƙarancinsa, wani sinadari da ake kira methionine, wanda hatsi ke da shi. Shinkafa da wake, ko waakye na Gana da ya samo sunansa daga Hausa, sun riga sun warware wannan tun kafin a san sunan sinadarin.

Inda hatsarin yake shi ne ƴar ledar kayan yajin. Kalorinta bai taka kara ya karya ba, amma galibi gishiri ne a kan gaba cikin abin da aka haɗa ta da shi. Ana jera Ingrédients ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka in kalmar sel ce ta fara zuwa, magana ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, daidai da giram 2 na sodiyam. Kayan Turai suna rubuta Sel a giram, na Amurka kuwa sodiyam suke rubutawa a miligiram, kuma na kason mutum ɗaya da kamfanin ya ƙiyasta. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka sodiyam sau biyu da rabi. In leda ta ce miligiram 600, gishiri giram ɗaya da rabi ke nan. Kason kamfani kuwa ƙarami ne in aka gwada da kwanon da muke ci. Wanda ya ci biyu ya riga ya wuce rabin haƙƙinsa na yini a zama ɗaya.

Kuma ba a nan muke tsayawa ba. Hannu ya saba jefa dunƙulen magi, wanda kusan rabinsa gishiri ne, sannan a saka kanwa don wake ya yi saurin nuna. Kanwa ma sodiyam ce, kuma tana lalata wani ɓangare na bitamin B1. Ga mai hawan jini ko ciwon ƙoda, wannan tarin ba ƙaramin abu ba ne. Mafita ita ce a zuba rabin garin ko ƙasa da haka, a bar magi, a cike da albasa, tafarnuwa, citta da attarugu. In na gwangwani ne, a tsiyaye ruwan a ɗauraye waken, gishiri mai yawa zai tafi.

Musulmi kuma ya karanta jerin kayan haɗin da kyau, domin wasu ana yi musu ɗanɗanon naman alade. Kalmomin porc, lard da jambon su ne alama, kuma cassoulet na gwangwani yawanci da alade ake yin sa.

Jan waken da ke cikin haɗin, haricot rouge, yana da wata guba da ke sa amai da gudawa in bai dahu ba. Dole a jiƙa shi na sa'o'i, a zubar da ruwan, a bar shi ya tafasa sosai aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Domin jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen, a haɗa da tumatir ko a matsa lemun tsami, shayi mai kauri kuma a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, tunda yana hana hanji tsotse ƙarfen.