Sauya tsarin rabon faifai daga MBR zuwa GPT

Sauya tsarin rabon faifai aiki ne na canza teburin da ke farkon faifan ajiya na kwamfuta, wanda ke nuna inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare. Tsare-tsaren da aka fi amfani da su biyu ne: MBR da GPT. Akan sauya daga MBR zuwa GPT idan girman faifai ya wuce terabait 2, ko idan za a ɗora Windows 11.

MBR

MBR ya fito a shekarar 1983 tare da PC DOS 2.0 na kamfanin IBM. Yana zaune a sekta ta farko ta faifai, mai girman bait 512. Daga ciki, bait 64 ne kawai aka ware wa teburin, shi ya sa ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da huɗu. Yana ƙirga sektoci da lamba mai bit 32, don haka ƙirgarsa tana tsayawa a wajen terabait 2. Idan aka tsara faifai mai terabait 4 da MBR, kusan rabinsa zai zauna ba a iya amfani da shi.

GPT

Kamfanin Intel ne ya samar da GPT a ƙarshen shekarun 1990, kuma yanzu yana cikin ƙa'idar UEFI, wadda ta gaji BIOS. Yana ƙirga da bit 64, saboda haka iyakarsa ta zarce duk faifan da ke kasuwa. Windows yana ba da damar sassa 128 a kansa. GPT yana kuma ajiye kwafin teburinsa a ƙarshen faifai, ta yadda idan na farko ya lalace za a iya maido da shi.

Hanyoyin sauyawa

Hanya ta farko ita ce ta Diskpart, da ke cikin Windows. Ana rubuta list disk, sai select disk da lambar faifan, sai clean, sannan convert gpt. Umarnin clean yana share teburin gaba ɗaya, duk sassan faifan su ɓace. Ta dace da sabon faifai ko wanda aka kwashe kayansa.

Hanya ta biyu ita ce MBR2GPT, wadda Microsoft ya saka a Windows 10 a shekarar 2017. An yi ta ne domin faifan da Windows ke kai, kuma ba ta goge bayanai. Sharaɗinta shi ne kada manyan sassan su wuce uku. Ana fara dubawa da mbr2gpt /validate, sannan a yi mbr2gpt /convert. Bayan an gama dole a shiga saitin kwamfutar a mayar da ita UEFI, in ba haka ba ba za ta tashi ba. A Linux ana amfani da manhajar gdisk.

A arewacin Najeriya

A garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Kudan a jihar Kaduna, lamarin ya fi shafar masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya, da masu ɗaukar bidiyon biki, da shagunan buga takardu, domin jarinsu yana cikin faifai. Da yawa suna aiki da kwamfutoci na hannu. Irin wannan kwamfuta, idan BIOS kaɗai take da shi, Windows ba zai tashi daga faifan GPT ba, amma daga Windows 7 zuwa sama ana iya haɗa mata shi a matsayin faifai na biyu domin ajiya. Batun ya ƙara tasowa tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, domin Windows 11 sai da UEFI.

Haɗura

Kuskuren da ya fi muni shi ne zaɓen lambar faifan da ba shi ba kafin clean. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar aiki ma tana iya lalata teburin. Saboda haka ana kwafe muhimman bayanai zuwa wani faifai tukuna, a kuma tabbatar batir ya cika ko akwai UPS.