Jeren Kalmomi a Turanci: Wa Ya Biya Wa?

Jama'a, a Turanci kowace kalma tana da mazauninta. Mai aiki ne ke zuwa farko, sai aikin, sannan wanda aikin ya faɗa wa. Haka abin yake a Hausa ma.

Dubi wannan: "Audu paid Musa." Ma'ana, Audu ya biya Musa. In aka rubuta "Musa paid Audu", to Musa ne ya biya. Kalmomin ba su canza ba, amma mai bayarwa ya koma mai karɓa.

Sai dai a kula. In ka ga "was paid by", sunan ƙarshe shi ne ya biya.

Saboda haka, kafin ka dangwala yatsa a takardar ciniki, duba inda sunanka ya zauna.