Basirar da Jarrabawa Ba Ta Aunawa: Darasi Daga Dukku

A garin Dukku da ke Ƙaramar Hukumar Rijau, cikin Masarautar Kontagora a Jihar Neja, yaro kan iya tashi da harsuna biyu tun kafin a kai shi makaranta: Dukanci a gida, Hausa a kasuwa da dandali. Ranar da ya shiga aji sai a tarbe shi da na uku, wato Turanci, kuma da shi za a yanke wa ƙwaƙwalwarsa hukunci. Idan ya gaza, sai a ce daƙiƙi ne.

Sai dai sau da yawa yaron da aka yi wa wannan tambari shi ne zai dubi garke ya gane saniyar da ba ta da lafiya tun kafin ta kwanta. Yarinyar da ta faɗi lissafin allo kuwa, ita ce ke ba da canji a kasuwa ba tare da kuskuren ko naira ɗaya ba. Babu gurbin waɗannan a takardar sakamako.

A 1983 masanin halayyar ɗan Adam Howard Gardner na Jami'ar Harvard a Amurka ya wallafa littafin Frames of Mind, inda ya ce basira ba iri ɗaya ba ce. Ya kasa ta gida bakwai: ta harshe, ta lissafi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta gane siffa da fasali, ta fahimtar mutane, da ta sanin kai. Daga baya ya ƙara ta takwas, wato sanin tsirrai da dabbobi. Wasu masana sun soki ra'ayin, suna ganin baiwa ce kawai ya sauya wa suna. Duk da haka tambayarsa na nan: me ya sa makaranta ke auna biyun farko kaɗai?

Jihar Neja tana da nata misalin. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ba ta yi karatun boko ba. A wurin wata 'yar uwarta ta koyi ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. A Sulejar nan ne kuma Gwamnatin Tarayya ta ajiye makarantarta ta yara masu hazaƙa, wadda ake shiga ta hanyar jarrabawar hukumar NECO. Da a yau Ladi take yarinya, da wuya alƙalami da takarda su buɗe mata wannan ƙofa.

Ba yau hukumomi suka san da matsalar ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya tanadi koyar da sana'o'in hannu a ƙaramar sakandare, amma a makarantu da dama injinan da aka sayo sun lalace cikin akwatunansu saboda rashin wutar lantarki da malamai. Dokar UBE ta 2004 kuma ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, sai dai jiha ba ta karɓar kasonta sai ta ajiye nata.

Gyaran farko bai buƙatar biliyoyi. Ɗaliban da ake horarwa a Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora na iya koyon lura da yaro a gona da filin wasa, su rubuta abin da suka gani cikin makin aikin aji. Ana iya gayyatar maƙeri ko masassaƙi ya koyar da awo, a kuma fara bayanin darasi da harshen da yaro yake ji.

Ma'aikacin da ke tsara manhaja ko kasafi a Abuja ba zai taɓa haɗuwa da yawancin waɗannan yara ba. Amma layin da ya rubuta ne zai tantance ko yaron Dukku zai ci gaba da zama a aji, ko zai bar shi da yaƙinin cewa Allah bai ba shi komai ba.