Daga Jidda Zuwa Madina Da Ƙafa: Yadda Gidanmu Ya Raka Auta



Ranar da autanmu ya ce zai tafi Madina a ƙasa, muna zaune ne ana cin tuwon dare. Umma ta ji "ƙasa" sai ta ɗauka jirgin ƙasa yake nufi, wato Haramain ɗin nan da ya fara aiki a 2018, wanda ke kai mutum Madina cikin awa biyu ko ƙasa da haka. Ta ce, "To ai sai yayarka ta yanka maka tikiti a wayarta." Ya ce, "A'a Umma, da ƙafa nake nufi." Baba bai ce uffan ba. Ya wanke hannu ya tashi. Duk wanda ya girma a gidan Bahaushe ya san fassarar wannan.

Sai na ɗan koma baya kafin ku ce yaron nan ya samu taɓin hankali. Auta shekarunsa 19. A Jidda aka haife shi, a nan ya gama sanawiyya, amma fasfonsa kore ne na Najeriya, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Da yawanku kun san kuɗin murafiƙin, wanda mai iƙama ke biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. A 2017 aka fara da riyal 100 a wata, zuwa 2020 ya kai 400. Ku lissafa gida mai mutum biyar, ku haɗa da haya. Ni Allah Ya taimake ni na samu karatu a Malesiya. Shi kuwa Auta, shawarar da manya suka yanke ita ce ya tafi Kano wajen dangin Umma ya nemi jami'a a can. Yaron da Hausarsa rabi "ya'ani" ce rabi "khalas". Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, wai kafin ya bar ƙasar da aka haife shi yana son ya taka ta da ƙafarsa, kamar yadda kakanmu ya tako ya zo.

Labarin kakan nan namu mun sha shi tun muna tatata. Daga wani ƙauye a ƙasar Haɗejiya ya taso da amaryarsa, wato Hajiya Kaka, a ƙarshen zamanin Turawa. Hanyar ba shi ya buɗe ta ba. Tun da daɗewa alhazan ƙasar Hausa ke bin ta, kuma ta cika maƙil bayan 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'arsa aka kashe shi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa Sudan da waɗanda suka tsira, har yau ga garin Mai Wurno nan a bakin kogi kusa da Sinnar. Su kakanmu ta Maiduguri suka bi, sai Fort Lamy da yanzu ake kira Njamena, sai Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid. Guzuri na ƙarewa sai a tsaya a yi aiki. A gonakin audugar Jazira suka fi daɗewa, a can aka haifi Baba. Sai da suka shekara bakwai kafin suka ga Bahar Maliya, suka tsallako daga Sawakin. Irin waɗannan matafiya ne asalin sunayen da kuke gani a bayan rigunan 'yan ƙwallo: Hausawi, Barnawi, Fallata. Usama Hausawi ne ma kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018.

Auta ya ɗauka kakanmu ya tako ne tun daga Haɗejiya har teku bai hau komai ba. Hajiya Kaka ta kwashe da dariya. Ta ce, "Kai mijina, wa ya gaya maka? Duk inda muka ga lori ai roƙon direba muke yi. Daga Ubayyid ma jirgin ƙasa muka shiga. Wa ke tafiyar ƙafa don daɗi?" Na so a ce wannan ya sanyaya masa jiki. Ina! Sai ma ya ƙara ƙaimi, ya jawo waya yana nuna mana Adam Muhammad da ya turo amalanke daga Ingila a 2021 ya iso Makka a 2022, da Shihab Chottur da ya tako daga Kerala ta Indiya ya iso a 2023, da Sulaiman Hashimu da ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja a 2015. Ni dai na ce masa waɗannan duk manya ne, kai ko baƙala Umma ta aike ka sai ka nemi mota.

Umma ce ta fi kowa tayar da hankali, kuma da gaskiyarta. Ba ta manta aikin Hajjin 2024 ba, lokacin da zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, mafi yawansu marasa tasrihi da suka yi doguwar tafiya cikin rana. Ta ce ita ba ta haifi ɗa don a tsinto mata shi a bakin titi ba. Kwana uku gidan ba daɗi. A rana ta huɗu Hajiya Kaka ta sa aka kira mata Baba, muna jin su daga ɗaki. Ta ce, "Yaron nan za ku sa shi a jirgi ku aika shi inda bai san kowa ba, bai ce muku a'a ba. Shi ya roƙi abu ɗaya kun hana. Ka bar shi ya san ƙafarsa na iya kai shi wani wuri." Baba ya fito da sharuɗɗa. Sai sanyi ya shigo. Kawu zai bi shi da akori-kurarsa. Ba tafiya daga hantsi ya yi zafi har la'asar. Iƙama ba ta barin jikinsa. Kuma kullum bayan magariba zai kira Umma, ko da kuwa sai ya hau dutse ya nemo sabis.

Abin dariya, wadda ta fi kowa ƙin tafiyar ita ta fi kowa aiki. Umma ta kwana biyu tana dakan dakuwa. Ta aika aka sayo kilishi wajen mai tsiren da muke saya tun muna yara (tsiren nan namu da Hijazawa suka mayar "siriya" suna layi a kansa). Ta ɗinka masa 'yar jaka ta rataye a wuya, kamar laya, ta sa iƙama da kwafin fasfo da lambobin waya rubuce a takarda. Matan adashinsu suka ɗaga mata zubi ta ɗauka kafin lokacinta, da shi aka sayi takalma ƙafa biyu da tanti. Ni aka ba ni aikin taswira, tunda ni ce 'yar boko. Hanyar Hijira ta asali, wadda Manzon Allah (SAW) ya bi a 622, daga Makka take tashi, kuma tana ratsa duwatsu da kwaruruka inda motar Kawu ba za ta shiga ba. Sai muka zaɓi tsohuwar hanyar alhazai ta bakin teku: Zahban, Tuwal, Rabig, Mastura, sannan a karkata Badar a hau duwatsu zuwa Madina. Sama da kilomita 400.

Daga Babul Bunt ya tashi bayan sallar asuba, a tsohon garin Balad, inda alhazan da suka zo ta ruwa ke sauka a da. Baba bai zo ba, ya ce yana da aiki.

Kwana biyar na farko ina cikin motar Kawu, kuma bari in gaya muku gaskiya, raka mai tafiyar ƙafa ba komai ba ne illa jira. Kawu ya yi gaba kilomita goma, ya nemi inuwar gada ko ta masallacin gidan mai, ya kashe mota. Sai mu zauna. Awa biyu, wani lokaci da rabi. Kawu ya ci goro, ya ba ni labarin da ya ba ni jiya. Can sai ka hango wani ɗigo a bakin kwalta yana girma a hankali. Ya iso, a cika masa gorar ruwa, a duba ƙafa, a sake yin gaba. Kwana biyun farko hotuna kawai yake ɗauka yana tura wa abokai, har na fara zargin don su aka yi tafiyar. A rana ta uku ƙafa ta yi bororo guda huɗu, waya ta koma aljihu. Da daddare Kawu ke ƙona allura ya fasa masa su, Umma na kan waya tana ba da umarni kamar tana gani: a dafa ruwa da gishiri, a shafa man kaɗanya, kada a ɓare fatar.

A Mastura muka ci soyayyen kifin da garin ya yi suna da shi tun zamanin da motocin alhazai ke yada zango a can. Daga nan na dawo Jidda saboda wani aikin makaranta da sai na tura. Don haka abin da ya faru washegari ba a idona aka yi ba.

Tsakanin Mastura da Badar tiyon ruwan motar Kawu ya fashe. A ranar kuma ba gaba ya yi ba, baya ya koma sayen ƙanƙara da burodi. Auta ya ci gaba da tafiya yana zaton zai tarar da shi. Ruwansa ya ƙare, batirin waya ya mutu, saboda na'urar cajin tana cikin mota. Magariba ta yi ba kira. Isha ta yi. Ban taɓa ganin Umma haka ba. Ba kuka take yi ba, tana zaune ne a kan sallaya da waya a cinya tana kallon ta. Kawu ya kira muryarsa na rawa, ya samu wanda ya ɗauke shi sun bi titin sau biyu ba su gan shi ba.

Ashe ya bar kwalta ne ya nufi wata fitila da ya hango. Garken raƙuma ne, da makiyayi ɗan Sudan. Ya yi sallama da Larabci, mutumin ya ba shi ruwa da nonon raƙumi. Da yake kurɓa sai ya ce "wash, Allah na gode" ba tare da ya sani ba. Makiyayin ya dube shi ya ce, "Kai Bahaushe ne?" Daga wajen Sinnar yake, kakanninsa ma Makka suka nufa ba su ƙarasa ba. Da wayarsa aka kira mu wajen ƙarfe goma na dare. Umma ta ji muryar ɗanta, ta ce "Alhamdu lillahi," sannan ta wanke shi tas da faɗa na minti goma, ta rufe da cewa gobe ya dawo gida, khalas.

Baba ne ya karɓi wayar. Ya ce, "Ka kwana nan. Ina zuwa." Ya ari motar maƙwabci ya kama hanya cikin daren.

Mun ɗauka ɗauko shi zai yi. Da gari ya waye sai ya bar wa Kawu motar, ya sa silifas ɗinsa na zuwa masallaci ya bi ɗansa. Mutum mai shekara sittin da ɗoriya, da ciwon gwiwa. Kilomita takwas kawai ya iya, amma Auta ya ce a cikinsu Baba ya yi masa maganar da bai taɓa yi masa ba tun da aka haife shi. Ya ce shi ma sau biyu kacal ya je Najeriya, kuma duka biyun baƙo aka ɗauke shi, a can ana ce masa ɗan takari, a nan ana ce masa Takaruni, a Sudan inda aka haife shi kuma Fallata. Ya ce abin da ya hana shi zuwa Babul Bunt ba aiki ba ne. Kunya yake ji, shi da ubansa ya shekara bakwai a hanya don ya kawo su nan, ga shi zai mayar da nasa ɗan saboda riyal 400. Auta ya ce bai san me zai ce ba, sai ya miƙa masa dakuwa.

Daga nan ba wanda ya sake maganar dawowa. Baba ya ɗauki hutu ya zauna a mota tare da Kawu, kuma shi ya kafa dokar cewa mota ba ta sake yin baya sai an bar wa yaro lita uku da cajin waya. A Badar suka ziyarci maƙabartar shahidai suka huta kwana guda. Bayan Badar hanya ta canja, teku ta ɓace, sai hawa da sanyin da mu 'yan Jidda ba mu saba da shi ba. Umma ta ba wani direba bargo biyu da kwanon dambun nama ya kai musu Musaijid. Ni na sake haɗuwa da su saura kwana uku, na tarar da ƙanena ya yi baƙi ƙirin, ya rame, farcen babban yatsansa ya fita, kuma ya daina surutu.

Kwana 18 ya yi. Ta Abyar Ali ya shiga Madina da hantsi. Abokansa sun yi ta yaɗa cewa ya yi tafiyar shi kaɗai, ni kuwa da na ga kuɗin man da Kawu ya ƙona da adashin da Umma za ta shekara tana biya, sai dai in yi murmushi.

Umma da Hajiya Kaka jirgin Haramain suka hawo, tsohuwa na ta mita wai ba ta gama jan carbi ba aka ce an iso. A harabar Masallacin Annabi muka same su bayan azahar. Umma ta rungume shi ba ta ce komai ba. Hajiya Kaka kuwa daga kan kekenta ta ce, "Mijina, cire takalmin in gani." Ya cire. Ta sa hannu ta shafa tafin ƙafar, ta daddanna dunduniya, ta ce, "To, ta fara zama ƙafa. Ta kakanka ƙaya ma tsoronta take ji."

Da yamma muka shiga jirgi gaba ɗaya, ban da Baba da Kawu da za su dawo da motoci. Auta ya ce a ba shi wajen taga, yana son ya nuna wa Umma irin ƙasar da ya ratsa. Ko fita daga Madina ba mu gama yi ba barci ya kwashe shi, sai a tashar Sulaimaniyya muka tashe shi.