Ginshiƙi da Nauyin da Ya Kauce wa Tsakiya

Aikin ginshiƙi, wanda magina ke kira fila, shi ne karɓar nauyin bim da dekin ya sauke shi a kan tushe. Idan nauyin ya faɗo daidai tsakiya, kowane ɓangare na fuskar ginshiƙin rabo ɗaya yake ɗauka, sai kawai a raba nauyi (P) da girman fuska (A) a sami matsin.

Sau da yawa kuwa bim a gefe yake zama, musamman kan filar kusurwa. Tazarar da ke tsakanin masaukin nauyi da tsakiya ita ake kira e. Daga nan ginshiƙi ya haɗu da wahala biyu: ga danniya, ga lanƙwasa, kamar wuyan mai ɗauke da tulu idan gammo ya zame. Ƙarfin lanƙwasar shi ne P sau e; a raba shi da Z, wato juriyar fuska ga lanƙwasa, a sami matsin da lanƙwasar ke haifarwa. A fuska mai kusurwa huɗu, Z = bh²/6, inda b faɗin fuskar ne, h kuma tsawonta ta ɓangaren da nauyi ya gusa. Matsi a gefunan biyu ya zama P/A ± Pe/Z: a tara a gefen da nauyi ya karkata, a ɗebe a ɗaya gefen.

Misali, fila mai milimita 300 kowane gefe tana ɗauke da kilonuton 450, kusan tan 46. A tsakiya, matsin 5 N/mm² ne ko'ina. Nauyin ya gusa da milimita 30, gefe ɗaya ya koma 8, ɗayan 2. A milimita 50, sun zama 10 da sifili. A milimita 80 kuwa, 13 ne a nan, can kuma danniya ta juye ta zama ja, har 3. Nauyi bai ƙaru ba, mazauninsa kaɗai ya canza.

Kankare da bulo suna jure danniya, amma ba sa son ja. Abin da kankare ke jurewa na ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na danniya ba, shi ya sa tsaga ke fara ɓullowa ta wannan gefen. Saboda haka injiniyoyi ke kiyaye kada e ta wuce h/6, wato nauyi ya tsaya cikin sulusin tsakiya. A fila mai zagaye, iyakar d/8 ce, inda d faɗin zagayen ne. Inda ba makawa sai an wuce, rodi ake sakawa ya ɗauki jan.

Wannan lissafi na gajeren ginshiƙi ne. Dogo siriri kan gantsare tun matsin bai kai iyaka ba, kamar yadda Leonhard Euler ya nuna a 1744, kuma gantsarewar tana ƙara e, don haka lissafinsa daban ake yi.