Duba Gajimare da Kwamfutar Haya: Sauƙi da Tsadarsa

Legas — Ɗan kasuwar Idi-Araba da ke jiran motar albasa daga Sakkwato bai damu da irin kwamfutar da ake duba gajimare da ita ba. Abin da ke gabansa shi ne ko ruwa zai kece kafin a sauke kaya a kasuwar Mile 12. Sai dai amsar tambayarsa tana rataye ne a wuyan wannan na'ura, kuma waɗanda suka ga ambaliyar ranar 10 ga Yuli, 2011 a Legas sun san abin da gargaɗin awa biyu kan iya tserarwa.

A Oshodi, maƙwabciyar Mushin, akwai cibiyar horar da ma'aikatan Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet. Aikin da ake koyarwa a irin wannan wuri ya ƙara nauyi tun bayan da Turai ta harba sabon tauraron Meteosat a watan Disamba na 2022. Tsohon yana aiko hoton Afirka duk minti 15. Sabon kuwa duk minti 10, kuma ya fi shi kaifi. Mai hasashe yakan jera hotunan su riƙa motsi kamar majigi, ya ɗora musu taswirar iska da ta zafi, domin ya gane inda hadari ya dosa.

Ofishin da ke son yin wannan aiki yana da zaɓi biyu. Ko dai ya saya wa kowane tebur babbar kwamfuta, ko kuma ya ajiye na'ura guda mai ƙarfi a raba ta gida-gida, kowane ma'aikaci ya shiga rabonsa daga nesa tamkar kwamfutarsa ce. Hanya ta biyu ta fi sauƙin kulawa, ta kuma rage kuɗin man janareta.

Amma a nan gizo ke saƙa. Irin wannan rabo ba ya zuwa da na'urar zana hoto da ake kira GPU, sai an haɗa masa ita da gangan. Idan babu ita, ƙwaƙwalwar kwamfutar ce ke ɗaukar nauyin zanen, sai hoto ya riƙa tsalle yana maƙalewa. Maganin shi ne a keɓe wa ma'aikaci guda GPU sukutum, wanda hakan ya rushe tsimin da aka nema, ko a yanka ta kashi-kashi, abin da galibi ke buƙatar lasisin da ake biya da dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Wasu kan ce a yi haya a waje kawai. A 2023 hukumomin yanayi na Turai, ECMWF da EUMETSAT, sun buɗe rumbun kwamfutocinsu na haɗin gwiwa, inda ake sarrafa bayanai a inda suke, a turo sakamako kaɗai. Dabara ce mai kyau, muddin layi na nan. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, ciki har da MainOne da WACS, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har hada-hadar bankunan Legas ta yi tangal-tangal. Lokacin kuwa damina na bakin ƙofa.